Inna Bibata da Ƙofar Bayan Masallaci

A unguwar masu bandar kifi da ke gangaren kogi a Gaya akwai wani masallacin Juma'a, ginin siminti mai rufin kwano. Gabansa babbar hanya ce da kamiyo, manyan motocin kaya, ke bi, bayansa kuwa siririn lungu ne da ya miƙe har bakin ruwa. Ɓangaren mata ɗaki ne dogo mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon hanya, ɗaya tana buɗewa cikin lungun. A bakin ƙofar lungun nan ake samun Inna Bibata yawancin Juma'o'i, zaune a kan benci, da hijabinta ruwan toka, idonta a kan mai zuwa da mai wucewa. Baƙo yakan ɗauka jiran wani take yi. Gadi take yi, kuma ba da gadi ta fara ba.

A Tounouga aka haife ta, gidan Sarkawa, masu kamun kifi tun kaka da kakanni. Da Dandanci ta buɗe baki. Hausa a kasuwa ta tsince ta, lokacin da take bin uwarta da kwandon kifi a ka, shi ya sa har yau idan ranta ya ɓaci takan ce wa namiji "ke", kuma ba wanda ya isa ya gyara mata a lokacin. Aure ne ya kawo ta Gaya. Mijinta Seyni aparanti ne, wato yaron mota, a kamiyon da ke zuwa Cotonou, daga baya ya zama direba, ya yi ta tafiya yana dawowa har ciwo ya kwantar da shi. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya da murhun banda a bayan gida. Da murhun ta raine su.

Wanda bai san bandar kifi ba ba zai gane yadda take cinye mutum ba. Kifi ba ya jira. Jiragen masunta sukan iso da hantsi, a fasa tarwaɗa, a wanke, a lanƙwasa, a jera a kan waya, a yi ta gyaran wuta don kada ta yi harshe. Ranar Juma'a ta fi kowace rana nauyi, domin fatake daga Malanville da Kamba suna son a ɗaure musu kaya kafin la'asar. Saboda haka Bibata ta shafe shekarun ƙuruciyarta da na tsakiyar rayuwarta tana jin huɗuba daga nesa, ta bakin lasifika, hannunta cikin yauƙin kifi, idonta yana hawayen hayaƙi. Takan ga tsofaffin unguwa sun wuce da farin mayafi da darduma a hammata, sai ta ce a ranta, wata rana.

Ranar ta zo bayan da ƙaramin ɗanta Alfari, mai tsallakar da mutane a jirgi tun da aka rufe gadar iyaka, ya auri Latifa. Latifa yarinya ce marar yawan magana, mai zafin hannu a aiki. Cikin 'yan watanni ta karɓi murhun, ta ce wa surukarta, "Inna, ki huta." Bibata ba ta iya hutawa ba, amma ta karɓi Juma'a. Takan yi wanka tun da hantsi, ta turara tufafinta har sau biyu don ƙarnin kifi ya sake su, ta riga kowa isa. Tana da wurinta a sahun farko na mata, jikin bangon da ya raba su da maza, inda muryar liman ke shigowa ba sai da lasifika ba. Kusa da ita Habiba ke zama, ƙawarta mai tuyar ƙosai, wadda ta girme ta kaɗan. Duk matan masallacin sun san wuraren nan biyu, ba mai shimfiɗa darduma a kansu.

Ana haka labari ya zo daga yammacin ƙasa, ta radiyo da wayoyin mutane, cewa 'yan bindiga sun afka wa masu salla a masallacin wani ƙauye. Gaya gari ne na iyaka, baƙi suna shiga suna fita kullum, ba wanda zai ce ya san kowa. Komiten masallaci ya zauna a ƙarƙashin liman, Malam Sa'idu, mutum mai sanyin hali da ba ya son ya ga an tashi taro ba a yanke komai ba. Aka yanke cewa za a riƙa duba masu shiga ta ƙofar maza kafin a ta da salla, a nisanta babura daga bango, kuma duk ƙofar da ba mai kallonta a sa mata kwaɗo. Ƙofar lungu tana cikinsu. Aka ba ladan makulli, ya zura shi a igiya ya rataya a wuya.

Ladanin shi ne Siddo, ɗan goggon Bibata, wato taubashinta. Tun suna yara take kiransa bawanta, shi kuma bai taɓa barin ta wuce bai taɓa ta da magana ba. Wurinsa a salla bayan liman ne, can gaba, da sahu-sahun maza a bayansa. Ba wanda ya yi nufin cutar kowa. Hankalin kowa yana kan wanda zai shigo, ba a tuna da masu fita ba.

Wata Juma'a cikin bazara, liman yana tsakiyar huɗuba, tayar wani kamiyon albasa ta fashe daidai gaban masallaci. Ƙarar ta girgiza kwanon rufi. A ɓangaren mata ba wadda ta tsaya tambaya. Waɗanda suka saba fita ta lungu suka ruga can, suka tarar da kwaɗo, suka juyo suka yi karo da masu bin bayansu. A ƙofar hanya kuwa takalma sun yi tudu, mutane suka riƙa tuntuɓe suna faɗuwa a kan juna. Bibata ta yi ta dukan ƙofar ƙarfen da tafin hannu tana kiran Siddo, shi kuma yana can bayan bango, maza sun cushe shi, ko motsi ba ya iya yi. Da ƙura ta lafa aka gane taya ce, sai aka ga Habiba zaune a ƙasa tana riƙe da hannunta na dama. Ya karye a wuyan hannu.

Washegari Bibata ta tarar da Siddo a inuwar dalbejiyar masallaci yana ɗinkin tabarma.

"Bawana, kawo makullin nan."

"Uwar ɗakina mai turaren tarwaɗa, ina kwana ba za ki ce ba?"

"Ban kwana ba, me zan ce? Kawo."

"Ba nawa ba ne, na komite ne. Ni rataya kawai aka ce in yi."

"An ga rataya. Akuya ma ana rataya mata abu a wuya, ba ta san amfaninsa ba. Ke da kika rufe mu kamar kifi a gora, da wuta ce fa?"

Siddo ya ji "ke" ɗin, ya san babu wasa a ciki. Ya ajiye allura. Ya ce shi ma bai runtsa ba, muryarta yana ji tana kiransa. Ya tashi ya raka ta zauren liman.

Malam Sa'idu bai kare kansa ba. Ya ce an yi kuskure, kuma shi ne gaba a cikinsa. Amma ya ce lungun nan har bakin ruwa ya kai, duk wanda ya sauka daga jirgi zai iya biyowa ya shigo kan mata ba wanda ya gan shi. Ba zai bar ƙofa a buɗe babu ido a kanta ba. Idan an sami mutum biyu da za su zauna a bakinta daga kiran farko har a sallame, za a buɗe. Mutum ɗaya bai isa ba, don idan abu ya taso dole ɗaya ya tsaya ɗaya ya kai labari.

"Maza Juma'a wajibi ce a kansu," in ji shi. "Mata kuwa ba wajibi ba ce. Ga kuma waɗanda ke fashin salla a makon, su ba abin da za su rasa. Sai su riƙa zama, lada kuma suna samu."

Bibata ta ce, "Allah gafarta Malam, wannan magana ta yi." Har ga Allah ta ga ta yi. Ta daɗe da wuce shekarun abin, har ta manta yadda yake.

Ranar Juma'a bayan an sallame, aka sanar ta lasifika, duk unguwa tana ji, cewa daga mako mai zuwa mata masu fashin salla za su riƙa zama a bencin ƙofar baya. Siddo ya sa kafinta ya haɗa benci mai kyau, aka shafa masa fenti kore.

Juma'a ta zagayo, benci ya wuni shi kaɗai. Siddo ya tsaya da makulli a hannu yana leƙen lungu har lokacin kira ya yi, ya mayar da shi wuya ya tafi. Ta gaba ma haka. Mata suka fara raguwa a masallaci. Masu ciki da masu goyo suka daina zuwa, tsofaffi kuma suka koma cunkushewa kusa da ƙofar hanya, kowa tana salla da rabin hankali. Siddo ya ce wa Bibata, "Kin ga naku. Baki a gaba, aiki a baya."

Ta kawo ƙorafin gida. Suna juya kifi a kan waya ita da Latifa, ta yi ta faɗa cewa matan yanzu ba su da zuciya, zaman sa'a guda a inuwa ya gagare su. Latifa ta ci gaba da juya kifi har suka gama jere ɗaya. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Inna, wa zai zauna a bencin nan?"

"Wa kuwa? An faɗa."

"Shi ne ai. An faɗa." Ta gyara itace a murhu. "Duk wadda ta zauna, kowa ya san dalili. Yayyen miji ta lungun suke bi in sun fito daga jirgi. Samarin unguwa ma. Amarya in ta zauna, kafin la'asar uwar mijinta ta ji cewa wannan watan ma babu labari."

Bibata ta tsaya da kifi a hannu har ya ƙona mata yatsa. Ta tuna kanta tana amarya a gidan su Seyni, yadda takan yi alwalar ƙarya ta shige ɗaki ta ja labule, don kada ƙannen mijinta su lura. Abin da mace ke ɓoyewa ko ga 'yan ɗakinsu, shi aka ce ta fito ta zauna a kansa a bakin hanya, a kan benci mai fenti. Kuma ita da kanta ta ce maganar ta yi.

Ba magana ce da za ta iya kai wa liman ba. Siddo ta nema.

"Bawana, in tambaye ka. Da za a sanar a lasifika cewa duk namijin da cikinsa ya ɓaci ya zo ya zauna a ƙofar masallaci ranar Juma'a, za ka zo?"

"Ni cikina lafiya lau."

"Ranar da ka ci wake da manja a sunan gidan maƙwabciyata Balki fa?"

"Wannan sharri ne." Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya a tsakiya. Ya dubi bencin da ke jingine da bango. Ya daɗe yana kallonsa. "To," ya ce. "Mu maza mun yi ta lissafin fiƙihu, ba mu yi na kunya ba. Sai a sake sanarwa."

"Kada ka kuskura. In kun sake magana a lasifika kun ƙara ɓata shi. Bencin ya riga ya yi suna."

"To yaya za a yi?"

Amsar da ta zo mata ba ta yi mata daɗi ba. Ta kwana biyu tana juya ta. Sunan da benci ya yi ba zai goge da magana ba, sai an ga wadda kowa ya tabbata ba wannan dalilin ne ya zaunar da ita ba ta zauna a kai. Tsohuwa ke nan. Kuma tsohuwar da za ta zauna, sai ta bar sahu. Ta yi ta neman wata a ranta, gida-gida, ta ga kowacce ta zo da uzuri, kuma ba ta ga da wane baki za ta roƙi wata ta bar abin da ita ta ƙi bari ba. Ta je wurin liman ta tambaye shi abu ɗaya kawai: macen da ta zauna gadi, sallarta fa? Ya ce ta yi azahar raka'a huɗu bayan an watse, babu laifi a kanta. Ta san haka tun da. So take ta ji daga bakinsa.

Ranar Juma'a ta yi wanka, ta turara tufafi kamar kullum, ta ɗauki darduma. Da ta iso ba ta shiga ba. Ta zagaya lungu, ta kakkaɓe bencin, ta zauna.

Matan da ke wucewa suka fara rage tafiya. Balki, maƙwabciyarta mai baki, ta dafa ƙirji.

"Inna Bibata, ashe har yanzu? To Allah ya kawo mai albarka, mu sha suna."

"Amin. Ke za ki yi mini wankan jego, tunda ba ki da aikin yi sai magana."

Lungu ya ɗauki dariya. Bibata ta ji kunya har cikin ƙashinta, amma ta lura da abin da take so: dariyar a kanta take, kuma kowa ya san wasa ne.

Siddo ya zo da makulli ya tsaya. "Malam biyu ya ce."

"Na ji."

"Ke kuwa ko an auna ki da kifinki ba ki kai biyu ba."

Kafin ta amsa sai ga Habiba tana tahowa a hankali, hannu a ɗaure da karan ɗori, rataye a wuya da ɗankwali. Tun ranar da ta faɗi ba ta sake taka masallaci ba. Ta zauna a ɗaya gefen bencin tana nishi. Ta ce ita dai ba za ta iya sujada da hannun nan ba sai a zaune, kuma zama a waje ya fi mata zama a ɗakin da aka kulle. Siddo ya cire kwaɗo. Ƙofar ta yi ƙara saboda tsatsa. Bibata ta tura ta har bango, ta ɗaure ta da igiyar taru don kada iska ta mayar.

Wannan Juma'ar ta fi kowace wuya. Da aka ta da iƙama jikinta ya miƙe da kansa, sai da ta dafa benci ta koma. Da liman ya yi kabbara, ɗakin da ke bayanta ya yi tsit irin tsit ɗin da ta yi shekaru tana marmari, ita kuwa ta juya masa baya tana kallon lungu, da wata akuya da ke cin takarda. Hawaye ya zo mata. Ta bar shi, don ba ta son ta ɗauke ido ta goge. Da aka watse ta shiga ta yi raka'o'inta huɗu ita kaɗai.

Daga nan gadin ya zama sana'a a hannunta, ta kuma yi shi yadda ta iya kowane aiki. Komite ya ba ta usur, ta sa shi a ƙasan jaka, ta ce ita ba 'yar sanda ba ce. Ta yarda dai Siddo ya sa mata lambarsa da ta jandarma a waya. Takalma ta fara hanawa a bakin ƙofa biyun. Kowa ta jera nata jikin bango, wadda ta yar a hanya kuma za ta same su a kan katanga. Ta sa an ajiye bokitin yashi da tulun ruwa a kusurwa saboda wayoyin fanka da suka tsufa. Masu babur sun gaji da faɗanta sun daina toshe bakin lungu. Ta roƙi tsofaffi da masu goyo su riƙa zama kusa da ƙofa, masu ƙarfi su shige ciki.

Bincikenta kuwa gaisuwa ce. Ba ta taɓa sa hannu a jikin kowa ba. Idan ta ga baƙuwar fuska sai ta tare ta da sannu da zuwa, da Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci, har da 'yar Yarabancin da ta koya wurin fatake. Daga ina, jirgin wa kika shigo, gidan wa kika sauka, yaya ruwa yau. Kafin a gama gaisuwa ta san abin da take son sani. Matafiya sukan zo da manyan jakunkuna, sai ta ce, "Kawo in riƙe miki, 'yata, ciki babu wuri," ta sa a ajiye can gindin bishiya nesa da bango, inda idonta ke kai. Wata mata daga ƙetaren kogi ta taɓa ƙin ba da tata, ta rungume ta tana harara. Bibata ba ta yi gardama ba. Ta matsa mata a benci, ta ba ta ruwa, suka yi ta hira har matar ta buɗe jakar da kanta. Kayan haihuwar 'yarta ne, tana tsoron ɓarayi. Ta bar jakar ta shiga salla.

Sannu a hankali wasu tsofaffin suka fara karɓar Habiba, Balki ma ta zauna sau da dama, ta cika lungu da labari har sai an yi kabbara. Amma matasa ba su zo ba, kuma Bibata ba ta kira kowa ba. Ita ce kullum a gefe ɗaya.

Da damina ta sauka, Habiba ta tafi Dioundiou wurin 'yarta. Wata Juma'a aka wayi gari da ruwa, lungu ya cika da taɓo, tsofaffin da ke taimakawa duk ba su fito ba. Balki tana gidan rasuwa. Bibata ta zauna ita kaɗai da buhu a ka. Ɗaki ya cika, don masu salla a waje duk sun shigo gudun yayyafi. Siddo ya zo ya tsaya, kwaɗo a hannu, fuskarsa ba wasa.

"'Yar kawu, lokaci ya yi. Ba ni da ikon barin ƙofar nan a buɗe."

"Dubi cikin ɗakin nan, Siddo. Yau ne za ka rufe?"

"Na gani. Amma in abu ya biyo lungun nan, ke kaɗai, ki tsaya ko ki ruga? Malam bai faɗi ƙarya ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta leƙa ciki. Mata suna jin su, kowa ta sunkuyar da kai tana gyara darduma. A daidai lokacin mazan da suka sauka daga jirage suna ta wucewa ta lungun da sauri, cikinsu har da yayyen Alfari na ɗakin kawunsa.

Sai wata ta miƙe daga tsakiyar sahu, ta naɗe dardumarta, ta ratso mutane. Latifa ce. Ranar ruwa ya hana fatake zuwa, shi ya ba ta damar halarta, abin da ba ta cika samu ba. Ta fito ta sa takalmi, ta zauna kusa da surukarta, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Mazan suka wuce, wani ya gaishe da Inna, ba wanda ya tsaya.

Bibata ta ɗaga murya yadda na ciki za su ji. "Ni na ce ta fito ta riƙe mini lema. Gidanmu ne da aiki yau. Mako mai zuwa gidan Balki, su san wadda za su turo, babu ruwan kowa da ko wace ce."

Babu lema a wurin, kuma ba a taɓa yin maganar gida-gida ba sai a lokacin. Siddo ya dubi ɗaya ya dubi ɗaya, ya jefa kwaɗon a aljihu, ya tafi kiran salla.

Haka tsarin ya zauna, ba tare da lasifika ba. Kowace Juma'a gida ɗaya ke turo mace, su shirya a tsakaninsu cikin ɗaki. Wani makon tsohuwa ce, wani makon amarya, wani makon 'yar lakwal da ta zo hutun makaranta. Mai wucewa ba ya iya cewa komai a kan kowa. Masu ciki da masu goyo sun dawo salla. Liman bai taɓa tambayar yadda aka yi ba, sai dai ya aiko wa Bibata da gaisuwa ta bakin matarsa, ya kuma sa a huɗuba, ba tare da ambaton suna ba, cewa mai tsaron masu salla yana da rabonsa a cikinta.

Gefe ɗaya na bencin dai har yanzu nata ne, domin ita ta san fuskoki. Amma akan sami Juma'ar da gida biyu suka turo, ko wata ta zo don kanta. Farkon ranar da hakan ta faru, Balki ta ƙwace wayar daga hannunta.

"Tashi ki shiga. Kin zauna a nan har benci ya ɗauki siffarki."

"Ba ki san matan Malanville ba."

"Na san su tun kina talla. Shiga, kafin in busa usur ɗin nan naki in tara miki jama'a."

Ta tashi, ta jera takalmanta jikin bango. A ciki ta hango wurinta na sahun farko, wata baƙuwar tsohuwa ta shimfiɗa darduma a kai tana jan carbi. Wasu suka fara yunƙurin yi wa matar magana, Bibata ta girgiza musu kai. Ta shimfiɗa tata a sahun ƙarshe, tsakanin wata mai goyo da bakin ƙofa. Daga nan muryar liman sai ta lasifika, ga kuma muryar Balki a waje tana tambayar wata jirgin wa ta shigo. Ta saurara har ta ji an amsa, ta ji an ce a kawo jaka. Sannan aka ta da iƙama, ta miƙe, ta daidaita kafaɗarta da ta yarinyar da ke gefenta, ta ɗaga hannu ta yi kabbara tare da mutane.